Mai Riƙe Tocila

Daren Talata gidan ya yi tsit.
Shekara goma sha ɗaya wani abu na gunaguni a ƙarƙashinmu,
ban san da shi ba sai da ya daina.
Da asuba na dafa lagireton falo,
sanyi ƙalau kamar hancin kare.

Tukunya na ci, shuɗiyar wutarta na nan,
ruwa ya yi zafi a inda yake, ya ƙi tafiya.
Huddersfield a Janairu ba ta karɓar uzuri.
Misis Holroyd ta miƙo mana hita ta kan katanga,
muka kewaye ta da safa bibbiyu.
Kamfani suka ce sai Litinin,
fam ɗari uku da hamsin, ban da kuɗin leƙowa.

Asabe ta ajiye kofi, ba ta dube ni ba:
“Kana da 'ya.”

Ina da 'ya.
Hansatu, da na tanadar wa farar riga da kantin magani,
ta bar jami'a a shekara ta biyu ta ɗauki sifana.
Tun ranar zancenmu bai wuce
ina kwana, lafiya lau, a gaida gida ba.

Ta zo da farar mota, sunana a jikin ƙofar
a bayan nata, da manyan baƙaƙe.
Muka gangara ɗakin ƙasa, matakala tara.
Ta ɗora bakin sukudireba a kan famfon,
ta kanga kunne a ƙotar
yadda likita ya yi wa ƙirjina bara.
Ta daɗe.
“Ya mutu, Baba. Riƙe min tocila.”

Ta kashe lantarki, ta sake dubawa.
Bawul na sama, bawul na ƙasa, ta murɗe su biyun.
Tsohon tawul, da kwanon da Asabe ke kwaɓa fulawa.
Noti ya ce bai san zancen ba,
tsatsa ta riƙe shi kamar bashin gado.
Ta ɗiga masa mai, ta jira,
ba ta zage shi ba, da ni ne da na zaga.
Ta sa kafaɗa. Ya yi ƙara sau ɗaya, ya sallama.

Ruwan da ya fito baƙi ne wuluk,
tawada mai warin tsofaffin kwabbai.
Wannan ne ke zaga ɗakunanmu duk shekarun nan,
wannan ne ya ɗumama ta tana haddar darasi.

“Haska nan, Baba. Ba fuskata ba.”

Ashe hannuna ya kauce.
Akwai tabo a haɓarta da ban san ranar da ta same shi ba.

Sabon famfo ja ne, bai kai kan jariri ba.
Ta nuna min kibiya a gefensa:
“In ka kafa shi a juye,
ruwa zai yini yana gardama da kansa,
ba ɗakin da zai ji ɗumi.”
Na ce na gane.
Ta dube ni, ta koma kan robar da take sakawa.

Waya uku, kowacce a raminta.
Ta buɗe bawul, ta sassauta ƙusar tsakiya,
iska ta fito tana huci kamar mage,
sai ɗigo, sai ta ɗaure.
Ta ce in kunna da hannuna.

Gunagunin ya dawo, ƙasa-ƙasa.
Can sama bututu ya ƙwanƙwasa sau uku
kamar baƙo mai kunya,
Asabe ta ƙwala: “Na bayan ƙofa ya fara!”

Na lalubi aljihu. Nawa ne?
“Famfo, casa'in da biyu.”
Aikin fa?
Ta goge sifana a gwiwar wando.
“Gobe ina da irinsa a Marsden,
yaron da ke riƙe min tocila mura ta kwantar da shi.
Bakwai da rabi. Ka sa takalmi mai kauri.”

Ga ni a falo ƙarfe shida,
bayana jingine da ƙarfe mai ɗumi,
ina canja wa tocila batir.